Shekarar da Aka Hana Tabarma a Ɗakin Maza

Leburancin asibiti na yi har gwiwoyina suka ce sun gaji. Shara, wanke ƙasa, zubar da fo, tura marar lafiya tiyata a dawo da shi, in kwana ya ƙare a tura shi ɗakin gawa. Karatuna bai yi nisa ba. Na gama firamare, na leƙa sakandare, mahaifina ya rasu, na dawo gida. Amma ɗan abin da na tsinto ya ishe ni karanta takardun da ake mannawa a allon sanarwa. Da ma ban iya ba. Wanda bai iya karatu ba, in ya ga takarda da hatimi, zato yake akwai hankali a ciki, sai ya kwana da zuciyarsa fes.

Na kama aiki bayan an yanke Jigawa daga Kano ba da jimawa ba. Dutse a lokacin gari ne da za ka zagaye shi da ƙafa kafin kununka ya huce, sai aka wayi gari wai ya zama hedikwata. Aka kwaso mana manyan ma'aikata daga Kano, kowa fuska a ɗaure kamar an kawo shi zaman wa'adi. Litinin su iso bayan azahar, Alhamis kafin la'asar sun kama hanya. Iyalinsu na Kano, telansu na Kano, in ɗayansu ya yi tari Kano za a kai shi. Su ne kuma masu rubuto mana yadda za a kula da marar lafiya a Dutse. Sun rubuto cewa a riƙa wanke hannu a ƙarƙashin famfo bayan an taɓa kowane ciwo, alhali famfon ba ruwa. Sun rubuto cewa kada a sa safar hannu ɗaya sau biyu, ba su aiko da safar ba. Mukan karanta, mu yi tsaki, mu ci gaba da aiki. Irin waɗannan ba sa cutar da kowa, tunda ba mai iya binsu. Wadda ta yi ɓarna ita ce wadda aka iya bi.

Gadajen ɗakin maza na ƙarfe ne, masu dogayen ƙafafu, sun kai ƙugun babban mutum. Wani ɗan kwangila ne ya kawo su. An ce akwai hannun da ake juyawa gado ya sauko ƙasa, to hannayen ba su biyo gadajen ba, ko kuma sun biyo sun sauka a hanya. Kujera babu ko ɗaya. Benci biyun da muke da su an kwashe an kai barandar ofis, don kada baƙin sakataren asibiti su tsaya.

Masu zuwa mana kuwa manoma ne daga Kiyawa da Buji da ƙauyukan Ringim, sai malaman tsangaya. Mutanen da tun da aka yaye su ba su taɓa zama a wurin da ya fi na babba tudu ba. Babba na kan kujera, kana tabarma. Babba na kan tabarma, kana ƙasa. Ba wanda ya rubuta wannan, ba wanda ya buga masa hatimi, amma ya fi duk wata doka da ma'aikatar lafiya ta taɓa fitarwa shiga jiki. To ɗauki irin wannan mutum ka ɗora a kan gadon ƙarfe, ka ce da yayan ubansa ya zauna yana kallon ƙasan katifarsa. Ai kai ma ka san ba zama.

Don haka muna da yadda muke yi. Marar lafiya ya shimfiɗa tabarma a gefen gado ya kwanta, dattijon da ya zo jinyarsa ya hau gado. In ciwon mai nauyi ne, mu sauke katifar ƙasa gaba ɗaya, dattijo ya shimfiɗa buzunsa a kan ƙarfen ya zauna. Ban taɓa jin wanda ya faɗo daga tabarma ya karye ba. Ƙarin ruwa ma ya fi gudu in mutum na ƙasa leda na sama. Tsofaffin nas-nas sun san da haka. In sun zo da allura sai su tsaya su yi sallama, su ce, "To, a cikinku wa ke jinyar wa?" Shi ke nan fa. Tambaya ɗaya, shekara da shekaru, lafiya lau.

Sai aka turo mana wani sabon nas ɗan birni, fararen kayansa sun sha guga kamar mai zuwa ɗaurin aure. A makarantarsu an koya masa cewa lambar gado ita ce mutum. Wata safiya ya zo da allurar barci da likita ya rubuta wa mai gadon bakin taga, wani bawan Allah da ciwo ya hana runtsawa. Ya tarar da dattijo a kishingiɗe a kan gadon yana jan carbi.

"Baba, juya."

"Ni?"

"Kai mana. Da wa nake?"

Dattijon nan dubiya ya zo, yayan marar lafiyar ne. Ya zaci wata rigakafi ce gwamnati ke yi wa duk wanda ya shigo, ya juya. Shi kuwa mai ciwon yana nan ƙasa a kan tabarma, da ya ga an fara kwance wa yayansa tazuge sai ya mai da fuskarsa bango, don ba a kallon tsiraicin babba. Aka danna wa mai lafiya allura, marar lafiya na kau da kai.

Dattijo ya yi barci ya wuce azahar, ya wuce la'asar, ya wuce magariba, sai washegari ya farka yana neman fura. Ya ce rabonsa da barci irin wannan tun yana goye, ko akwai ragowa a ba shi ya tafi da ita gida? Ba abin da ya same shi illa sallolin da ya rama. Mun yi dariya har da hawaye. Ashe ɗansa darakta ne a wata ma'aikata. Da uban talaka ne, da maganar ta mutu a bakin tagar nan.

Aka kafa kwamiti. Kwamiti ya shirya taron bita a kan kare lafiyar majinyata, kuma a wani otal a Kano aka yi shi, don ka san a Dutse ba a iya tunani. Ba a gayyaci ko mutum ɗaya da ya taɓa riƙe fo ba. Suka sha shayi, suka ci kaji, suka dawo da jakunkuna masu rubutu a jiki, da sakula, wato takardar umarni.

Lokacin an shiga shekarun shari'a. Kada a ji ni ba daidai ba. Ni musulmi ne ɗan musulmi, ranar da aka tara jama'a har da ni a cikin masu kabbara, sai da muryata ta dishe. Abin da na tsana shi ne yadda wasu suka kwanta suna ɓarayin man janareta, suka tashi da gemu. Sakatarenmu na cikinsu. Wando ya ɗage, goshi ya yi baƙi cikin 'yan watanni kamar an goga gawayi, magana ɗaya aya ɗaya.

Ya tara mu a baranda, manya a zaune, mu leburori a tsaye a baya. Ya karanta sakular da Turanci, ya juya da Hausa. Daga yau marar lafiya a kan gadonsa zai zauna dare da rana, don kada a sake yi wa wani allurar wani. Mai jinya ba ya hawa gado, ko da gefensa ne. Ba a sauke katifa. Ba a shigo da tabarma, domin ita ke kwaso ƙwayoyin cuta. Sannan ya ƙara da tasa, wadda ba daga Kano ta zo ba: mace ba ta zaman jinya a ɗakin maza, ko da matar mutum ce ta sunna. Ta zo dubiya da la'asar, ta fita.

Akwai wata tsohuwar nas da muke kira Inna, ita ke riƙe da ɗakin maza, ta girmi sakataren a haihuwa da a aiki. Ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, shi mai jinyar a ina zai zauna?"

"A ƙasa."

"A kan siminti?"

"Hajiya, nan asibiti ne, ba zauren mai unguwa ba."

"To a mai do mana bencinmu."

Ya yi kamar bai ji ba, alhali a kan bencin yake zaune. Daga bayanmu wani lebura ya ce, "Su ƙwayoyin cutar ba su iya hawa gado ba ne?" Aka kwashe da dariya.

"Wa ya yi magana?"

Kowa ya hau duban takalminsa.

"Tsafta cikon addini ce," in ji shi, yana shafa gemu. A asibitin da famfonsa ya manta kamannin ruwa, sai dai 'yan garuwa.

Ba wanda ya ce a koya wa sabon nas tambayar nan guda. Tambaya ba ta da kwangila, ba ta buƙatar otal. Inna kuwa ba a daɗe ba aka mai da ita wani ɗan asibitin ƙauye, wai a can aka fi buƙatar gogewarta. Aka sa mu muka bi gado gado muna kwashe tabarmi, tsofaffi na kallonmu kamar mun zo kamun haraji. Muka jibge su a sito, gara ta yi walima.

Ana haka, gab da kaka, gero ya fara nuna, aka kawo wani manomi daga wajen Buji. Ƙato ne, ya haura arba'in, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru. Ƙaba ce ta murɗe masa, sai an yanka. Ina tura shi tiyata yana murƙususu, amma tambayarsa ɗaya: zai sake kama fartanya? Shi kaɗai ne mai ƙarfi a gidansu. Ƙaninsa ya tafi kudu an daina jin ɗuriyarsa, 'ya'yansa ƙanana. In shi bai noma ba, ba mai nomawa.

Matarsa ta biyo shi da ƙullin kayanta da goyo, mai gadi ya tare ta a ƙofa ya ce doka. Maza kuwa duk suna gona. Wanda ya rage shi ne yayan mahaifinsa, wanda yake kira Baffa. Shi ya riƙe shi tun yana maraya, shi ya rubuta masa allo tun daga farko har ya sauke. Tsoho ne siriri, malamin tsangaya, da sandarsa da butarsa da buzu a kafaɗa. Mai gadi ya karɓe buzun. Baffa ya ce ai wannan ba tabarma ba ce. Mai gadi ya ce buzu ƙanin tabarma ne, uwarsu ɗaya.

Likitan da ya yi aikin ba ni da abin cewa a kan hannunsa. Ya yanka, ya gyara, ya ɗinke tsaf. Ya ce in mutumin ya kwanta ya saki jiki, ba yunƙuri ba nishi, to bana a yi masa gayya a girbe, baɗi zai yi huɗa da kansa kamar ba a taɓa yanka shi ba. In kuwa ɗinkin ya ɓalle, ya yi sallama da fartanya.

Da allurar tiyata ta sake shi ya buɗe ido, abin da ya fara gani shi ne hular Baffa, can ƙasa da gwiwar hannunsa.

"Baffa, kai ne a ƙasa?"

"Kwanta abinka. Sannu."

"Subhanallahi." Ya fara zuro ƙafa.

Na jefar da tsintsiya na rugo. "Malam, ina za ka? Cikinka a ɗinke yake kamar bakin buhu!"

"Sauke ni."

"Doka ta hana."

"To a hau da shi."

"Shi ma ta hana."

Ya dube ni da jajayen idanu. "Wace irin doka ce ta hana sama ta hana ƙasa?"

Baffa ya ce, "Kai, na ce ka kwanta. Ni na yafe."

"Na ji ka yafe, Baffa. Jikina ne bai ji ba."

Baffa malami ne, ya kawo masa hujja iri iri. Ya ce lalura tana halatta abin da aka hana. Ya ce ko salla an yarda marar lafiya ya yi ta a kwance, to ni wane ne? Mutumin ya ce to. Amma kwanciyar da yake yi ba kwanciya ba ce. Ya dogara da gwiwar hannu, wuya a ɗage, ciki a ɗaure, kamar mai shirin miƙewa, haka zai wuni. Baffa na motsawa, ya zabura. Abinci ba ya ci sai tsohon ya fita alwala, ya yi loma biyu a gurguje. Matar tana can gindin darbejiya a wajen ƙofa, tana dama kunu a kan duwatsu uku. Da la'asar ta shigo ta durƙusa ta gai da Baffa, ta ajiye kwano, ta saci kallon mijinta, kafin ta gyara masa ko matashi an kaɗa ƙararrawa.

Babbar masifar ita ce fo. Wanda aka yi wa aiki a ciki a kan gado yake biyan buƙatarsa, mai jinya ya miƙa masa fo, ya karɓa ya kai bayi. Da matarsa ce, wa zai ji? Amma mutumin da ya koya maka babbaƙu da farfaru, ka miƙa masa fitsarinka? Sai ya riƙe. Ya riƙe har gumi ya keto masa. In ina kusa nakan kai masa in karɓa, amma ɗaki cike, lebura ɗaya, tiyata na kira, ɗakin magani na kira. Da ya ga ba na nan, gyangyaɗi kuma ya ɗauki Baffa, sai ya diro daga tsaunin ƙarfen nan, ya dafa bango har bayin da ke ƙarshen baranda.

Sistar da ta gaji Inna ta kama shi a hanya rannan, ya ranƙwafa yana dafe da ciki.

"Kai wane irin bagidaje ne? Ana neman lafiyarka kana neman kabarinka?"

"Ki yi haƙuri, Hajiya."

"Ba haƙuri zan yi ba, kai ne za ka yi hankali. Baba, kai ma ka zuba masa ido?"

Baffa ya ce, "'Yata, ai idon ne ya hana shi kwanciya."

Ta taɓe baki. Ta sa aka ɗaure masa hannaye da bandeji a jikin ƙarfen gado, ta ce haka aka koyar a bita game da marar lafiya mai gardama. Baffa ya dawo daga masallaci ya tarar. Ya ce ko ɓarawon akuya a garinsu ba a yi masa haka. Ya kwance da hannunsa, sista na zage-zage a bayansa bai waiga ba.

Sai ya gwada tsayuwa. Tunda zamansa a ƙasa ne ke tada hankalin ɗansa, bari ya tsaya. Ya dogara sanda tun hantsi, ƙafafu na rawa kamar karan dawa a iska. Wannan ya fi muni, don ta yaya za ka miƙe ƙafa babba na tsaye a kanka? Daga nan ya koma waje, ya zauna a gindin taga ta baya, cikin rana, ya ce in ana buƙatarsa a yi gyaran murya. Ba a taɓa yin gyaran muryar ba.

Ɗinki ya ɓalle. Da aka buɗe bandeji za a yi wankin ciwo, sai ga shi ya wage baki, mugunya na tsattsafowa, zazzaɓi ya rufe mutumin. Likita ya zo zagaye ya duba, ya yi tsaki, ya ce wa ya bar shi yana yawo. Baffa ya matso.

"Likita, alfarma ɗaya. A sauke masa katifar nan ƙasa, ni in ɗan ɗosana a gefen ƙarfen. Wallahi zai kwanta kamar jariri."

Likitan shi ma ɗan ƙauye ne, ya gane sarai. Kada wani ya ce maka rashin sani ne. Daga likita har sista har mai gadi, ba wanda ba a irin gidan nan aka haife shi ba. Ya dubi katifa, ya dubi ƙofa.

"Baba, ni yanka da ɗinki aka ɗauke ni. Gado ba a hannuna yake ba. Ku ga sakatare."

Ni na raka Baffa ofis. Muka wuce bencinmu a baranda, ba kowa a kai sai wata mage. Sakatare na ganin farin gemu da carbi sai ya yi zumbur ya tashi daga kujerarsa mai juyawa, ya zagayo, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam! Sannu da zuwa. Bismillah, ga wuri."

Ya zaunar da Baffa a kan kujerar baƙi mai laushi, shi kuma ya tanƙwashe ƙafa a kan kafet, da shaddarsa da komai. Lafiyayyen ƙato, cikinsa ba ɗinki sai tumbi, ya kasa zama sama da tsohon ko na ƙiftawar ido. Daga nan ƙasan, kai a sunkuye, murya a tausashe, ya ce ba zai yiwu ba.

"Allah gafarta Malam, umarni ne daga sama. Masu duba aiki na iya faɗowa kowane lokaci. In suka ga katifa a ƙasa, ni za a tuhuma."

"To a bar matarsa ta riƙa shigowa da rana, ta ba shi abin fitsari."

"Subhanallahi, Malam! Mace a cikin maza? Ai ka fi ni sanin hukuncin."

"Na sani. Shi ya sa na roƙa."

"In na buɗe wa mutum ɗaya, gobe kowa zai zo. Sai dai a dage da addu'a. Malam, mu ma a sa mu a ciki, akwai wani ɗan ƙarin girma da muke nema."

Baffa ya dogara sandarsa ya miƙe. Sakatare ya rako shi har baranda yana ta "a sauka lafiya".

Likita ya sake ɗinkewa, ya ce sai an daɗe ana wanki da allurai. Mutumin ya ce a kai shi gida. Muka ba shi baki. Baffa ma ya ba shi baki, ya ce shi zai koma ƙauye ya nemo wani sa'an marar lafiyar ya zo ya zauna. Wa? Kowa na girbi, wa zai bar geronsa wa tsuntsu ya zo riƙon fo?

Mutumin ya ce, "Baffa, kwana da kwanaki ina kwance a samanka. Ga abin da ya jawo mini."

Ka ji fa. Shi a ganinsa ba yawon bayi ne ya ɓalle ɗinkin ba, rashin albarkar kwanciya sama da Baffa ne. Kuma duk wanda ya ce zai cire masa wannan daga zuciya, ya fara cire hanta tukuna.

Sista ta ce, "Ku kuka jiyo. Mu dai mun faɗa muku." Amma fuskarta kamar wadda aka sauke wa tulu.

Aka samo a-kori-kura mai komawa wajen Buji. Ni da mai gadi muka ɗauko shi muka kwantar a baya a kan buhunan wofi, matar ta zauna a gefensa ta tallafe kansa. Baffa aka sa a gaba kusa da direba. Tun da aka fito da mutumin nan daga tiyata ban ga gadon bayansa ya taɓa shimfiɗa gaba ɗaya ba sai ranar. Ya saki jiki, ya lumshe ido, kafin direba ya gama ɗaure kaya ya yi barci.

Masu duba aikin sun zo daga baya. Sun zagaya ofis, sun yaba farar ƙasar da aka shafa wa duwatsun bakin hanya, ɗakin maza kuwa daga ƙofa suka leƙa saboda wari. Sakatare ya sami ƙarin girmansa ya koma ma'aikata. Ba wanda ya soke dokar. Takardar ta koɗe a allo har wani ya yage ta ya ƙulla gyaɗa, tabarmi suka dawo ɗaya bayan ɗaya, mata suka koma jinyar mazansu, kamar ba a yi ba.

Bayan wasu shekaru na je kasuwar Kiyawa sayen akuya, sai na ji ana, "Malam na asibiti! Malam na asibiti!" Na waiga. Manomin nan na Buji ne, yana zaune a layin masu igiya yana tufka da zaren buhu. Da ƙyar na gane shi. Kafaɗun nan sun zube. Ya ɗaure cikinsa da tsohon rawani, amma duk da haka ana ganin tudu a gefe kamar ya ɓoye ƙwarya. Fatar ta haɗe a gida, cikin ne bai haɗe ba, hanji ya turo ta wurin yankan. Ba ya iya sunkuyawa. Gonar ya ba da aro, in an girbe a ɗan yafa masa abin da aka ga dama. Baffa ya rasu.

Na ce ya dawo a sake masa aiki mana. Ya yi dariya yana dafe da rawanin.

"Yanzu ai ko a kan rufin ɗaki aka kwantar da ni ba komai, Baffa ya tafi. Amma an ce aikin ya fi na farko, sai Kano. Mai igiya ina shi ina Kano?" Ya tofa wa tafinsa yawu ya ci gaba da murza. "Ina likita? Ina Hajiya mai faɗa? Wallahi sun yi ƙoƙari. Ni ne ban bi doka ba."

Na ce, "Kai ne ba ka bi doka ba?"

"To wa? Ai sun faɗa mini. Don Allah in ka koma ka gaishe su, ka ce mutumin Buji mai taurin kai yana gaisuwa."

Ya zaɓi igiya mai ƙwari ya ba ni kyauta in ja akuyata. Na karɓa, na yi godiya. Gaisuwar kuwa ban kai wa kowa ba, kuma ko yau aka sake ba ni ba zan kai ba.